Alice Springs Desert Park: Inda Nake Fara Kai Baƙo Kafin Ya Kama Hanyar Uluru

Yawancin masu sauka a Alice Springs ba garin ne ya kawo su ba. Uluru ne a ransu, jan dutsen nan da ke jikin kowace riga da kowane katin gaisuwa a Ostareliya, kuma sai sun iso suke jin cewa da sauran tafiyar kilomita kusan 450 a gabansu. Sai su kwana, su sha mai, su wuce. Ni aikin jinya ne ya zaunar da ni a garin nan, gidanmu kuma ya zama masaukin 'yan uwa da abokan arziki masu zuwa daga Melbourne da Sydney da Perth. Sharaɗi ɗaya nake gindaya musu: ba mai kama hanyar Uluru sai na fara kai shi Alice Springs Desert Park. Wasu su bi ni da son ransu, wasu don kara kawai.

Gandun yana yamma da gari a kan titin Larapinta, kimanin kilomita 7 daga tsakiyar gari. Gwamnatin Yankin Arewa ce ke tafiyar da shi, kuma a 1997 aka buɗe shi. Filin ya kai hekta 1,300, amma inda baƙi ke zagayawa hekta 50 ne da 'yan kai. Sauran daji ne da aka bari yadda Allah ya yi shi, har ya je ya jingina da tsaunukan MacDonnell. Tsaunin Gillen da ke tsaye a bayan gandun wuri ne mai alfarma a wajen Arrernte, mutanen da ke da ƙasar tun kafin Bature ya san da ita, kuma tun 2021 aka hana hawansa bisa buƙatarsu. Kallo dai ba a hana ba. Duk inda ka juya a cikin gandun yana gabanka ko yana bayanka, da safe ja, da rana ruwan ƙasa, da yamma kamar an hura masa wuta daga ciki.

Da yayana ya zo da iyalinsa, tun a mota ya fara tambayar ko akwai zaki.

Na ce, "Yaya, babu zaki, babu giwa, ko raƙumin dawa babu."

Ya ce, "To me za ki nuna mana, ƙasa?"

Na ce, "Har da ita."

Gara mai niyyar zuwa ya san wannan tun daga gida. Ƙa'idar wurin ita ce duk abin da ke ciki, dabba ko tsuntsu ko tsiro, ɗan hamadar tsakiyar Ostareliya ne. Ba a ɗauko komai daga wata nahiya don a burge mai kallo ba. Wanda ya zo neman gidan zu irin na manyan birane, inda ake tsayawa gaban keji a ɗauki hoto a matsa gaba, zai ga kamar an rage masa mudu. Nan an haɗa abu uku ne a wuri ɗaya, lambun tsirrai, gidan dabbobi, da ilimin masu ƙasar, kuma an ƙi raba su, domin a hamada ba a rabe suke ba. Tsutsar da ake ci tana cikin saiwar wani itace ne takamaimai, tsuntsun da ke nuna ruwa kuma irin ciyawar wurin yake ci.

An kasa hanyar zagayen gida uku: koramun hamada, ƙasar yashi, da dajin itatuwa.

Ɓangaren koramu na fi daɗewa a cikinsa da safe saboda inuwa. Kogi a nan yashi ne a sama, ruwa a ƙasa. Kogin Todd da ya ratsa tsakiyar Alice Springs kusan kullum a bushe yake, har mutanen gari suka mayar da abin wasa: tun 1962 suke tseren kwalekwale a cikinsa, kwalekwalen ba su da gindi, mutane ne ke shiga su ɗaga su yi gudu da ƙafa a kan yashi. A 1993 aka fasa tseren saboda kogin ya kawo ruwa. Baƙi na dariya idan na ba su labarin, amma a gandun ne suke fahimtar abin da ke ƙarƙashin dariyar. Manyan itatuwan turaren da ke jere a bakin busassun koramu saiwarsu tana cikin ruwa ko da an yi shekara ba a ga hadari ba. Idan sun tsufa reshe ya karye, sai kogo ya samu, kuma kogon da babban aku zai iya yin sheƙa a ciki yakan ɗauki shekara ɗari ko fiye kafin ya samu. Wanda ya ji wannan ba zai sake kallon tsohon itace mai rami a matsayin itacen wuta ba. Akwai manyan kejuna da mutum ke buɗe ƙofa ya shiga ya zauna a benci, tsuntsaye na ta sha'aninsu a kansa. A nan ake ganin baƙin aku mai jan wutsiya, ƙato, mai kuka kamar tsohuwar ƙofar ƙarfe. Akwai kuma kifi. Baƙi da yawa sai sun ga kifin da idonsu suke yarda cewa hamada na da kifi, masu jira a 'yan gurabun ruwa tsakanin duwatsu har ranar da ambaliya za ta haɗa musu hanya.

Jiran nan shi ne sirrin komai a ƙasar. Ruwan sama a Alice Springs, in an yi lissafin tsaka-tsaki, kimanin milimita 280 ne a shekara, amma lissafin yaudara ne. A 2009 abin da ya sauka bai kai milimita 80 ba, a 2010 kuwa ya haura 700. Babu daminar da za a dogara da ita a ce ga watan da za ta faɗi. Saboda haka kwaɗo ke binne kansa cikin yashi ya yi watanni yana jira, iri ke kwanciya a ƙasa shekaru bai tsira ba, jan kangaru mace kuma ke iya dakatar da girman ɗan tayin da ke cikinta sai lokaci ya yi kyau. Ni da nake aikin asibiti, wannan na ƙarshe har yau yana sa ni tasbihi.

Ƙasar yashi ita ce hamadar da baƙo ya zo da hotonta a kansa, jan rairayi da tsatsar ƙarfe ta rina, da dunƙulen ciyawar sifinifes mai tsini da ke huda wando. Abin da yara ke nema a gandun kuwa shi ne ƙadangaren ƙaya. Tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba, jikinsa duk ƙaya, tafiyarsa da rangaji, gaba kaɗan baya kaɗan. Tururuwa kaɗai yake ci, yakan tsaya a kan hanyarsu ya yi ta lasa ɗaya bayan ɗaya har dubbai a yini. A ƙeyarsa akwai wani ƙullutu mai kama da kai, idan shaho ya kawo hari sai ya sunkuyar da kan gaske tsakanin ƙafafunsa ya miƙa na bogi. Shan ruwansa ya fi komai ban mamaki: tsakanin ɓawon fatarsa akwai ƙananan magudanai da ke jan ruwa su kai shi har kusurwar baki, ko raɓa ce ta sauka masa, ko cikin ɗan ruwa ya tsoma ƙafa. Sai an yi haƙuri kafin a gan shi, don launinsa da na yashi ɗaya ne. Na sha ganin mutane sun leƙa sun ce babu komai, alhali yana gaban hancinsu.

Dajin itatuwa shi ne inda kangaru da jiminar Ostareliya, wato emu, suke. Ana shiga filin kangarun a bi ta tsakiyarsu. Da rana za ka tarar da su kwance a inuwa suna lasar damatsansu don sanyaya jini, ba su damu da kowa ba. A ɗauki hoto a wuce. Kangaru ba abin wahalar gani ba ne a ƙasar nan, duk mai tuƙi da magariba ya san haka, wani lokaci da asarar gaban mota.

Abin da ya sa na kafa wa baƙina sharaɗi yana cikin wani dogon gini mai duhu da ake kira gidan dabbobin dare. An juya musu lokaci a ciki, ranarmu ita ce darensu, don haka da hantsi za ka same su a farke suna kai da kawo cikin haske mai kama da farin wata. Idan ka shiga, ka tsaya tukuna idonka ya saba. Masu gaggawa sukan ratsa ginin cikin minti biyar su fito suna cewa duhu kawai suka gani.

A nan bilbi yake, wata 'yar dabba mai dogayen kunnuwa da siririn baki da wutsiya baƙa mai farin ƙarshe. Yana haƙa rami mai murɗewa da kan kai zurfin mita 2, jakar goyon macen kuma bakinta baya yake kallo don kada ƙasa ta cika ta lokacin tono. Cikinta kwana 12 zuwa 14 ne kacal. Ba ya buƙatar shan ruwa, abin da ke cikin ƙwari da iri da saiwoyi ya ishe shi. A da ana samun bilbi a kashi 70 cikin 100 na faɗin ƙasar, yau ya rage a 'yan wurare warwatse. Yana da ƙane, ƙaramin bilbi, wanda rabon da a kama shi da rai tun 1931. Alamarsa ta ƙarshe ƙoƙon kai ne da aka tsinta a sheƙar gaggafa a 1967.

A nan kuma mala take. 'Yar ƙaramar dangin kangaru ce, nauyinta bai kai kilo 2 ba, gashinta ja-ja a yamutse. A shekarun 1930 wani masanin dabbobi daga Adelaide, Hedley Finlayson, ya zagaya tsakiyar ƙasar a kan raƙumi ya tarar da mala ko'ina, har tana cikin abincin yau da kullum na mutanen hamada. Da ya dawo a shekarun 1950 sai ya tarar wuraren sun zama wayam. Garke biyu suka rage a hamadar Tanami. Yanyawa ta gama da ɗaya a 1987, gobarar daji ta cinye ɗayan a 1991. Daga ranar babu sauran mala mai yawo sakaka a babban yankin Ostareliya. Waɗanda ake gani yau jikokin wasu 'yan tsiraru ne da aka riga aka kamo ana kiwo a Alice Springs kafin abin ya faru, kuma duk inda suke a yau, ko cikin shinge ne ko a tsibiri. A wajen Anangu, masu Uluru, mala tana cikin manyan kakannin da labarin dutsen ya ginu a kansu. Baƙo zai je Uluru a zagaya da shi ta hanyar da ke ɗauke da sunanta, a nuna masa koguna a ce nan mutanen mala suka sauka, nan suka yi shirin biki. Wanda ya riga ya ga dabbar da idonsa a nan, da wanda bai taɓa ganinta ba, ba labari ɗaya suke ji ba.

Me ya cinye su? Ba fari ba ne, sun fi kowa sanin fari. Baƙin dabbobi ne. Turawa sun zo da kyanwa, ta tsere ta koma daji, yau tana cikin sama da kashi 99 cikin 100 na ƙasar. Sun saki yanyawa a Victoria don farautar nishaɗi. A 1859 wani mai gona kusa da Geelong, Thomas Austin, ya saki zomaye 24 don ya riƙa harbi, cikin 'yan shekaru suka zama miliyoyi, suka cinye ciyawa suka ƙwace ramuka, suka kuma zama abincin da ya yawaita kyanwa da yanyawa. Sannan aka tashi mutanen hamada daga ƙasarsu aka tara su a matsugunai, ƙananan ƙone-ƙonen da suke yi nan da can lokacin sanyi suka tsaya, ciyawa ta taru, wuta ta koma mai cin ƙasa gaba ɗaya a tashi guda. Daga 1788 zuwa yau Ostareliya ta rasa nau'in dabbobi masu shayarwa sama da 30, babu ƙasar da ta kai ta wannan asara a tsawon lokacin, kuma da yawansu 'yan hamada ne masu matsakaicin jiki, daidai bakin kyanwa.

Shi ya sa idan baƙo ya ce mini ya fi son ganin dabba a daji ba a tsare ba, nakan ce masa nima haka. Sai dai dajin da yake nufi babu shi yanzu. Zai iya tuƙi daga nan har Darwin, kilomita kusan 1,500, ya ga kangaru da shanu da raƙuma da shirwa, amma ba zai ga mala ba ko da ya shekara yana nema. Abin da kuɗin tikitinsa ke saya masa shi ne ganin hamadar kamar yadda kakannin Arrernte suka san ta. Matar yayana ta daɗe a gaban gilashin mala ba ta ce komai ba, da muka fito ta ce, "Wallahi na ɗauka ɓera ne babba, ashe marainiya ce."

Wasan tsuntsaye shi ne abin da aka fi yi wa gandun talla, kuma ya cancanta. Dandali ne a buɗe, kujeru a jere suna fuskantar tsauni, babu raga babu igiya. Mai kula da tsuntsayen na magana, su kuma suna fitowa daga bayan itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Shirwa na cafe nama a sama da ƙafa ta kai baki ba tare da ta sauka ba. Mujiya na wucewa dab da kan mutane, ba ka jin ko motsin fiffike sai iskar da ta taɓa ka. Wanda ya fi tsaya wa mutane a rai wani shaho ne mai baƙin ƙirji. Ana ajiye masa ƙwan emu na roba, kore shar mai duhu kamar na gaske, sai ya sauko ya zagaya shi, ya nemi dutse ya ɗauka da baki ya yi ta jifan ƙwan har ya fashe. Ba horo ba ne, haka jinsinsa ke yi a daji, domin ɓawon ƙwan emu ya fi ƙarfin bakinsa. Wani lokaci gaggafar daji mai faɗin fiffike sama da mita 2 takan taso daga tsaunin ta yi shawagi a sama, sai tsuntsayen wasan su ƙi fitowa ko su canza hanya, mai kula da su ya yi ta ba da haƙuri yana dariya. Ranar da haka ta faru ina nan na fi jin daɗin wasan. A duba allon ƙofa don sanin lokacinsa, a je da wuri a kama kujerar inuwa, a kuma zauna daram idan an ce a zauna.

Akwai kuma zaman da jagorori 'yan asalin ƙasar ke yi da baƙi a ƙarƙashin rumfa, kan yadda ake rayuwa a hamada. Mutane da yawa na tsallake shi don su je ga kangaru, kuma asara suke yi. Ana miƙo kayan aiki hannu zuwa hannu: sandar tono ta mata, dogon akushin itace da ake ɗibar iri da ruwa a kuma kwantar da jariri a ciki, sandar cilla mashi ta maza wadda ake kuma murza wuta da ita. Ana nuna baƙin danƙon da ake fitarwa daga ciyawar sifinifes, a narka shi a wuta a liƙa dutse mai kaifi a jikin itace, in ya huce ya yi tauri kamar siminti. Ana nuna itacen da farar tsutsa mai maiƙo ke zama a saiwarsa, da yadda mace ke gane saiwar da ta kumbura. Ban ci tsutsar ba, kuma ba ni da niyya. Ana bayanin tururuwar zuma, wadda wasu daga cikinta ke rataye a rami cikinsu ya kumbura da zaƙi su zama rumbun sauran, da yadda mata ke bin sawunta a gindin itacen mulga su yi tono mai zurfi kafin su kai gare ta. Shi kansa mulga, ɗan dangin bagaruwa ne marar ƙaya, ganyensa da rassansa sama suke kallo don duk ɗigon da ya sauka ya gangaro ta jikin itacen zuwa saiwa. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu jan baki da ba sa nisa da ruwa, wanda ya ga garkensu ya san akwai gurbi kusa.

Abin da ya fi burge ni a zaman shi ne iyakar da suke sawa. Za su gaya maka cewa tsaunukan da ke kewaye da Mparntwe, sunan garin a bakinsu, sawun kakanni ne masu siffar tsutsa, Yeperenye da 'yan uwanta, za su ambaci labarin karen daji da ke tattare da tsaunin Gillen. Daga nan sai su ce sauran ba na kowa da kowa ba ne, wani na maza ne, wani na mata, wani sai wanda ya kai. Na taɓa ganin wani baƙo ya nace da tambaya, jagoran ya yi murmushi ya ce ba shi da izinin faɗa, ya ci gaba da maganarsa. Na ga girmansa a ranar.

Wanda ke da hali ya ƙara da yawon dare. Kuɗinsa daban ne, kuma sai an kama gurbi tun da wuri domin mutane kaɗan ake ɗauka. Bayan faɗuwar rana jagora ke shiga da ku wani babban fili a gindin tsauni da aka kewaye da shingen da kyanwa da yanyawa ba sa iya haurawa, a ba kowa tocila mai jan haske ya ɗaura a goshi, don jan haske bai cika damun idon dabbobin ba. Babu gilashi a nan. Mala na iya zuwa ta tsaya kusa da takalminka tana cin abinta. Bilbi ya fi kunya, sai an yi sa'a. Akwai ekidna mai ƙaya a baya da dogon baki, wadda ke yin ƙwai kuma ta shayar da nono. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙasar wurin ce: duk ramuka ne da tone-tone, ƙafa na nutsewa. A wajen shingen ƙasa a daskare take kamar daɓe. Jagoran ya ce haka ƙasar hamada take a da, waɗannan ƙananan masu tono su ne ke juya ta, ruwa ya samu hanyar shiga, iri ya samu ramin kwanciya. Taku kaɗan ne tsakanin cikin shingen da wajensa, amma ƙafarka kaɗai ta isa ta gaya maka bambancin.

Wani abu da gandun zai koya maka, wanda ba lallai ka gode masa ba, shi ne gane ciyawar bafel. Kafin na san ta, idan aka yi ruwa na ga gefen titi da gindin tsaunuka sun yi kore sai in ji daɗi. Ashe baƙuwa ce, 'yar uwar ƙarangiya, asalinta Afirka da Gabas ta Tsakiya da Indiya. Ana kyautata zaton ta fara shigowa ne cikin cushen sirdin raƙuman da fataken Afganistan da maƙwabtansu suka zo da su a ƙarni na 19, mutanen da jirgin ƙasa na Ghan ya samo sunansa daga gare su. Daga baya aka shuka ta da gangan don kiwo da kuma danne ƙura. Makiyaya na son ta har gobe. Amma tana kashe ciyawar gida, kuma wutarta ta fi zafi nesa ba kusa ba, har tana cinye tsofaffin itatuwan turaren nan masu kogo. A 2024 Yankin Arewa ya ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa. Yanzu idan na kai baƙo Simpsons Gap, wata mashiga tsakanin tsaunuka kilomita 18 daga gari, yana yaba kore, ni ina ganin makamashi.

Maganar lokaci kuwa, a tuna cewa yanayi a juye yake a nan. Disamba zuwa Fabrairu bazara ce, zafi kan haura digiri 40, ga ƙudaje masu neman ido da hanci da baki. Raga ta fuska da ake ɗorawa kan malafa ba ta da kyan gani, amma a saya. A irin wannan lokaci a iso da an buɗe ƙofa da ƙarfe 7:30 na safe, a gama da waje kafin rana ta take, a fake a gidan dabbobin dare da ɗakin majigi lokacin garjin rana. A zauna har ƙarshen majigin, kada a tashi da wuri, akwai abin da ke faruwa da allon da ba zan ɓata wa kowa ba. Mayu zuwa Agusta ya fi daɗi, rana mai laushi, sai dai dare na iya sauka ƙasa da sifiri, mai zuwa yawon dare a Yuni ko Yuli ya sa rigar sanyi ta gaske da safa da hula. Hanyoyin a shimfiɗe suke, keken jarirai da keken marasa lafiya na bi, akwai famfunan ruwan sha da rumfuna a kan hanya. Akwai wurin sayar da abinci da shayi kusa da ƙofa, ni dai da guzurina nake zuwa mu baje a tebur. A ware awa uku zuwa huɗu, mai son tsuntsaye ya ware yini. Marar mota zai iya ɗaukar tasi, ko ya hau keke, akwai hanyar keke daga gari.

Tikitin babba, a zuwana na baya-bayan nan, tsakanin dala 30 da 40 ne na Ostareliya, yara da ɗalibai da iyali kuma da rangwame. Yayana ya ɗan yi tsaki a wurin sayar da tikiti, ya lissafa kawunan 'ya'yansa. Da yamma shi ne muka yi ta jira a mota, ya koma kallon ƙadangaren ƙaya. Mazaunin gari ya sayi katin shekara, zuwa kaɗan ya mayar da kuɗinsa. Mai yini ɗaya tak a Alice Springs kuwa, in ya tambaye ni, nakan ce ya ba gandun safiyarsa, ya bar tsohuwar tashar tangarahu ta 1872 da sauran wuraren cikin gari zuwa la'asar.